Tambaya: wa ya san tarihin Madarunfa da ƙauyukan bakin gulbi?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gare ni zuwa ga manyanmu da duk wanda Allah ya sanar da shi wani abu, musamman mutanen kudancin Maradi. Mi ya sa duk lokacin da aka tashi zancen tarihi a jihar nan sai ka ji Maradi, Tsibiri, Tasawa, sarki wane ya hau ya yi shekara kaza sarki wane ya gaje shi, amma ƙananan garuruwa irin su Madarunfa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma kamar daga sama suka faɗo, ba mai ba da labarin yadda aka kafa su balle yadda mutanensu suka rayu?

Ni nan Maradi aka haife ni, amma babanmu ɗan wani ƙauye ne kusa da Madarunfa, can dangi suke har yanzu, muna zuwa in an yi biki ko rasuwa ko da sallah. Abin da na sani game da wajen bai wuce abin da kowa ya sani ba, tafki, kifi, kaburburan waliyyai 99, shikenan. A lakwal mun karanta daular Songai da ta Borno da ta Mali har da yaƙin duniya mun hardace don jarabawa, amma garin da ubana ya tashi ko layi guda babu. Kuma tsofaffin da suka san abin suna ta tahiya ɗaya bayan ɗaya, bana kaɗai a danginmu mun rasa waɗanda da na zauna da su da na cika littafi, abin na damuna ƙwarai wallahi.

To niyyata in hutu ya zo in ɗauki salula in tahi in zauna da waɗanda suka rage in naɗi muryarsu. Ku taimake ni, ta ina ake kamawa, wa ya kamata in fara gani, wace tambaya ake yi wa tsoho har ya saki jiki ya yi magana? Don na lura in ka tambaye su sai su ce “ai wannan zancen da ne” su ja bakinsu su yi shiru. Kuma duk wanda ya san wani abu na tarihin wajen ko kaɗan ne ya zuba mana nan mu ƙaru. Na gode.

Mushe mai ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi yi maka albarka, tambayarka ta yi mani daɗi. Na koyar a ƙauyukan wannan yanki shekaru da dama kahin in aje aiki, kuma abin da ka faɗi haka yake, abin da ke cikin tsarin karatu shi aka ba mu shi muka ba ku. Bari in fara ɗora ka kan hanya, don in ba ka riƙe babban labarin ba, ranar da tsoho ya ce maka “zamanin yaƙi” ko “lokacin da aka hito daga gulbi” ba za ka gane inda ya dosa ba.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, gidan sarautar Haɓe ya yo arewa. Sarkinsu Ɗan Kasawa ya fara zama ƙasar Damagaram, daga baya mutanen wanga kwari namu suka yi wa wakilin da Fulani suka aje masu tawaye suka kira shi, wajen 1819 ya zauna Maradi. Shi ya sa har gobe a fada Sarkin Katsina ake cewa, kuma sarautun Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi duk da su aka taho. Wajen 1836 aka yi yaƙin Gawakuke inda aka kashe Sarki Rauda tare da Sarkin Gobir Ali, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi, zamanin Ɗan Mari ke nan a Maradi. Sai Ɗan Baskore wanda ya haura shekara 20 bisa gado yana kai hari har ƙofar Katsina, can wajen ƙarshen ƙarnin kuma ƙarfi ya koma hannun Ƙaura Hasau. Wannan shi ne wanda kowa ke ba da labari.

To ga inda abin ya shahe ka. Duba inda Madarunfa da Gabi da Ɗan Isa suke, tsakanin Maradi ne da Katsina, wato bisa hanyar mayaƙa, in an tashi daga nan za a can ta kansu za a bi, in an taso daga can za a rama ta kansu za a bi. A irin wannan zama mutum ba ya ɗaukar iyalinsa ya tahi tsakiyar daji shi kaɗai ya kafa gida, yau ka kafa gobe a kwashe ka a saida. Sai mutane suka dunƙule cikin kwarin gulbi inda akwai ruwa kusa da duhuwar itace wadda doki ba ya iya ratsawa da gudu, garuruwan da ganuwa ko kahi na itace da ƙaya, gona kusa da gari yadda in an ji kuwwa a sheƙo a shige. Da Turawa suka zo aka shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila wajen 1906 zuwa 1908 yaƙi ya kwanta, shi ne fa mutane suka fara hita daga gulbi suna hawa jigawa, mutum ya ɗauki ƙannensa da ɗiyansa ya sari daji ya gina rijiya ya zauna, wasu su biyo shi. Duk ƙauyukan nan da kake ji Gidan wane, Garin wane, da yawansu haka suka samu, kuma ba su kai tsufan garuruwan cikin gulbi ba ko kusa.

Don haka in ka je kada ka ce “Baba ba ni tarihin garin nan”, wannan tambayar ita ke sa su shiru, ta yi masu faɗi kuma suna ganin tarihi na sarakai ne da malamai, su wa za su ce. Ka ce wa ya gina rijiya ta fari a garin nan, tana ina. Za ka ga an tashi an kai ka an nuna maka ko da ta cike. Daga nan ka ce shi mai rijiyar daga wane gari ya hito, mi ya hito da shi, ƙarancin gona ne ko rigimar sarauta ce da ɗan ubansa ko gudun lanho, wato haraji, ne da aikin dole, don zamanin Faransa mutane da yawa sun tsallaka ƙasar Ingilishi saboda aikin dole, sai bayan da aka soke shi a 1946 wasu suka komo, akwai gidajen da rabi na nan rabi na wajen Jibiya har yau dalilin ke nan. Sa'annan ka tambaya wa ya iske a wurin. Wagga tambaya ka yi ta a hankali, don kusan ko'ina akwai waɗanda aka iske, mahalba ko Anna, wato Hausawa masu addinin gargajiya, masu tsahin wurin ko Fulani masu rugga, kuma sau da yawa gidan da ke riƙe da mai gari yau ba shi ne gidan da ya fara zama ba. Kada ka haɗa gidajen nan biyu zama ɗaya, ka ji kowa daban, kuma kada ka kwashi maganar wancan ka kai wa wannan, ba sulhu aka aike ka ba.

Bayan gidan mai gari ka nemi maroƙa da makaɗa, su ke riƙe da jerin sunaye cikin kirari, maroƙi zai jero maka kakanni bakwai a numfashi ɗaya wanda jikan gidan ma bai sani ba. Ka nemi wanzami, shi ya san askar kowane gida, da aska ake gane wane Bakatsine ne wane Bagobiri wane Babarbare ko Bazamfare, kuma tunda an daina yi wa yara, nan da ƴan shekaru sai dai a hoto. Ka nemi maƙera. Ka nemi liman ka tambaye shi limamai nawa aka yi kahin shi, wani lokaci za ka dace da takardun ajami cikin gafaka, ka roƙa ka ɗauki hoto kada ka ce a ba ka aro. In kana da hali wata rana, a ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai akwai rahotannin kwamandojin Faransa da suka riƙa zagayawa suna ƙidaya, akwai sunayen garuruwa da na masu gari da yawan mutane, amma ka karanta da lura don mai neman lanho ne ya rubuta, kuma mutanen da ake ƙirgawa ɓoye ɗiyansu da bisashensu suke yi. Nan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma ka leƙa, ɗalibai na rubuce-rubucen kammala karatu a kan garuruwansu.

Hajiya ƴar Gabi ta rubuta:

Mushe Allah shi saka da alheri mun ƙaru, amma fa duk waɗanda ka lissafa maza ne, mai gari, liman, wanzami, maƙeri, to mu fa? Ƙanena in kana son ka san yadda gari ya rayu ka shiga cikin gida wajen tsohuwa, ka iske ta da hantsi bayan ta sha fura, ka kai mata goro ko sabulu, wallahi sai salularka ta cika. Namiji zai gaya maka wa ya yi sarauta, mace ita za ta gaya maka wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wance, wane gida ne ba a aure da wane gida kuma mi ya jawo, kuma da wannan ne za ka ga yadda ƙauyukan nan duk a ɗaure suke da juna. Kakata ta wajen uwa daga wani gari aka kawo ta bisa doki, ta san sunan kowace rijiya da kowace kuka da ke hanyar, kuma ba ta taɓa shiga lakwal ba.

Sa'annan kada ka tambayi tsoho shekara, ba da lamba suke lissahi ba, da abin da ya faru suke yi. Kai ne za ka riƙe lambobin a kanka. In an ce Kakalaba yunwar 1913 zuwa 1914 ce, wannan sai dai su ce iyayensu suka ba su labari. In an ce shekarar da ruwa ya ci Maradi 1945 ke nan, lokacin da gulbi ya cinye tsohon gari aka hau tudu. Zamanin Jori daga samun ƴancin kai 1960 har 1974, sai farin 1973 zuwa 1974 da ya ƙare da hawan Kunce, sai El Buhari 1984 zuwa 1985 ga fari ga iyaka a ruhe, sai shekarar da sefa ta faɗi 1994, sai yunwar 2005. In tsohuwa ta ce maka ina goyon wane aka yi El Buhari ka ga ka samu shekarar haihuwarsa ba tare da takarda ba. Kuma ka tambaye ta mi aka ci a waɗannan shekarun, ita ta dafa ita ta sani, su tafasa da ganyen jiga da dusa da garin rogo da aka riƙa auno wa daga Najeriya a ɓoye, wa ya tahi bai dawo ba, wace ta saida kwallayenta da tasoshinta na ɗaki don a ci. Maza ba su son wannan zancen, kunya yake ba su, amma shi ne tarihin.

Abin da ni nike kewa shi ne gayya. Da mai gida in aiki ya yi masa yawa sai ya kira gayya, samarin gari su hito da hauyoyinsu da makaɗi yana zuga su, mu mata tun asuba ana daka ana dama fura ana tuƙa tuwo, gonar da za ta ci sati a gama ta kahin la'asar, ba a biyan ko dala. Gandu na gida ne gaba ɗaya, kowa ya yi wa gandu aiki tukuna sa'annan mace ko saurayi ya wuce gamanarsa, abin da ta samu a gamana nata ne, da shi take yin biki da kayan ɗakin ɗiya. Yanzu gandun ya rarrabe, gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki ashirin ke raba ta, gayya ta koma ƙwadago, samari kuwa ana gama girbi sun tahi bida Kano ko Legas ko Agadas wasu har Libiya da Aljeriya. Waƙoƙin niƙa da na daɓe ma tun da injin niƙa da siminti suka zo suka mutu, in ka samu mai iya su ka naɗa dan Allah ka turo mana.

Amma ba komai ne ya lalace ba, kar mu zama masu kukan da kullum. Asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maradi a 1991 yau ba ƙauyen da ba ka iske shi, mata na zubi duk sati suna ranta wa juna, da shi ake sayen akuya da gujiyar yin mai da ƙuli-ƙuli, kuma tun daga nan mata suka fara magana a taron gari. Wannan ma ka rubuta shi, waɗanda suka fara suna nan da ransu.

Abu na ƙarshe, ka kula da kanka. Wajenmu Gabi da gefen dajin Baban Rafi ka san halin da ake ciki na ɓarayin shanu da masu satar mutane, kada ka yi dare a hanya, kuma kada ka shiga garin da ba a san ka ba kana ɗaukar hoto ba tare da ɗan gari ba, mutane a tsorace suke kuma suna da gaskiya.

Jikan masunta ya rubuta:

Salam. Ni ɗan cikin Madarunfa ne gidanmu su ake yi tun kakanni, to bari in ce wani abu kan tafkin tunda yayana ka ce abin da ka sani kifi ne kawai. Ai tafkin shi ne garin, in ka cire shi ba abin da zai sa a zauna nan. Kilomita ashirin da wani abu ne kudu da Maradi. Ruwansa ba daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa ba, na damina ne, Gulbin Gabi na zuba masa kuma in Gulbin Maradi ya yi ambaliya shi ma yana ba shi. Shi kuwa Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina ya taso ya biyo ta Jibiya ya shigo mana ta Nyelwa, ya wuce Madarunfa da Jiratawa da Maradi da Tsibiri da Gidan Rumji ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima, ka ga ke nan ruwan da muke sha da wanda Sakkwatawa ke sha ɗaya ne.

Tsofaffinmu in suna ba da labari biyu suke raba zamani, kahin dam ɗin Jibiya da bayansa. An gama shi wajen 1990, kuma a shekarar ne ma Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yadda za a raba ruwan gulaben da suka haɗa mu, har da namu a ciki. Amma duk wanda ke noma a fadama zai gaya maka gulbi ba ya kwanciya bisa gonaki ya daɗe irin na da, kuma wannan kwanciyar ita ce takin, in ruwa ya janye ya bar laka sai a dasa taba da rogo da dankali da tumatir ba ban ruwa ba takin zamani. Yanzu sai da rijiya da inji da sayen mai. Ga yashi da ke gangarowa daga tudu saboda an sare itace yana cike tafkin kaɗan kaɗan, inda babana ya ce da gora ake ratsawa yanzu da rani yaro na takawa da ƙafa. Gonakin ban ruwa na Jiratawa da aka yi farkon shekarun 1980 wajen hekta 500 da rijiyoyin burtsatse sun taimaki mutane ba ƙarya, zogalen da kuke ci a Maradi da yawansa daga wannan kwarin yake, amma wancan noman da wannan ba ɗaya ba ne, wannan sai mai jari.

In ka zo ka nemi sarkin ruwa da dattawan masunta, ka tambaye su ka'idojin su na da, lokacin da ake hana shiga ruwa don kifi ya hayayyafa, irin tarun da aka hana, wa ke sasanta masunci da mai shanu da mai lambu tunda duk ruwa guda suke so. Ka tambaye su kifayen da suka sani suna yara waɗanda yanzu ba a gani, don mu tarwaɗa da karfasa muka fi sani. Ka zo da sanyi ka ga tsuntsayen da ke sauka, wasu daga Turai suke tasowa, saboda su ne ma aka sa tafkin cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman wuraren dausayi na duniya, a 2019. Kuma tun 2006 gwamnati ta miƙa sunan tafkin da gandun dajin da kaburburan 99 ga UNESCO cikin jerin wuraren da ake son a amince da su, jerin jira ne ba a kai ga amincewa ba tukuna, amma ko wannan matasan garin da yawa ba su da labari.

Kaburburan kuwa a kewayen tafkin suke warwatse, akwai masu kula da su kuma mutane na zuwa ziyara har daga Najeriya, kakata ta sha ce mana akwai dararen da ake ganin haske wajensu. Ka je ka ji daga bakin masu kula da wurin da kanka.

Abu Abdullahi ya rubuta:

Ɗan uwa niyyarka mai kyau ce Allah ya taimaka, amma ina ba ka shawara don Allah. Zancen kaburbura da haske da tsahin Anna da bori da su buɗin daji, bikin nan na tsahi da ake yi kahin a fara farauta, ka bar su inda suke, abubuwa ne da Allah ya raba mu da su malamai suka sha wahala kahin mutane su bari, in ka naɗo ka watsa a Facebook da WhatsApp wani yaro zai gani ya ɗauka abin alfahari ne ya koma. Ka rubuta zuwan malamai da makarantun allo da masallatai da yadda aka kafa gari da noma, wannan ya isa tarihi mai amfani. Ba faɗa nike ba, gyara kayanka ne.

Mushe mai ritaya ya rubuta:

Malam Abu na ji maganarka kuma na san don kishin addini ka yi ta, amma ban yarda ba. Rubuta abu daban, aikata shi daban. Malaman da suka rubuta tarihin jahiliyyar Larabawa ba su koma bautar gumaka ba, kuma Shehu da Abdullahi da Bello da kansu sun rubuta al'adun da suka iske a ƙasar Hausa, da ba su rubuta ba da ba mu san abin da suka yi wa jihadi ba. In yaron nan ya tsallake Anna ya tsallake waɗanda suka fara saran dajin, in ya tsallake buɗin daji da bikin dubu na manomin da ya noma dami dubu ba zai gane mi ya sa ake ce wa wani gida gidan sarkin noma ba, in ya tsallake Iya, mace mai sarautar bori a fada, da ƴan borinta ya bar rabin fadar Maradi a waje. Ya rubuta yadda aka gaya masa, wane ya ce kaza, ba sai ya ce gaskiya ne ko ƙarya ba. Inda na bi ka shi ne watsawa, ba duk abin da tsoho ya faɗa maka cikin amana ake sa wa a intanet ba.

Kuma ɗana wannan ya tuna mani, shirun da ka ce suna yi ba na addini ba ne kaɗai. Akwai zancen bauta, akwai gidajen da kowa ya san asalinsu amma ba a faɗi, in ka ji ka riƙe a cikinka kada ka rubuta suna. Akwai kuma zancen Sawaba, jam'iyyar Jibo Bakari tana da mutane sosai a wanga yanki, an haramta ta a 1959, bayan tawayen da ƴan Sawaba suka yi da makamai a 1964 kuwa an kama mutane da yawa a ƙauyukan bakin iyaka, wasu maƙwabtansu ne suka nuna su, kuma jikokin duka biyun suna gari ɗaya suna sallah sahu ɗaya. Tsohon da ya ga wannan da idonsa in ya ga baƙo da na'ura dole ya yi shiru. Sai ka je ka koma ka sake komawa, ranar fari ko salular kada ka hito da ita.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Kai jama'a Allah shi biya ku, Baba Mushe, Hajiya, ɗan uwana na bakin tafki, Malam Abu, duk na kwahe na aje. Hajiya maganarki ta shige ni, akwai gwaggon babanmu tana nan da ranta idonta ne kawai ya tahi amma hankalinta garau, da ita zan fara in sha Allahu kahin ma in je gidan mai gari. Malam Abu na yi alkawali ba abin da zan watsa sai da izinin mai maganar. Saura tambaya guda, in na naɗo muryoyin ina zan aje su kada su ɓace, kuma da Hausa zan rubuta ko da Faransanci? Don wani abokina ya ce in ba da Faransanci ba ba wanda zai ɗauke shi da daraja.

Direban Ɗan Isa ya rubuta:

Da Hausa mana ƙanena, wa kake rubuta wa? Gwaggon taka in jikanta ya karanta mata da Faransanci mi za ta ji, ta yaya za ta ce a'a nan ba haka na ce ba gyara? Rubuta da Hausa yadda ta faɗa da irin hurucinta kada ka mai da ita Bakanuwa, in ya so daga baya mai son Faransanci ya fassara. Muryoyin kuma kada ka bar su cikin salula kaɗai salula faɗuwa take ko a sace, ka zuba a memori biyu ɗaya wajenka ɗaya wajen wani ɗan uwa, kowace murya ka fara da faɗin ranar da garin da wanda ke magana. Kuma ka yi hanzari da garuruwan bakin hanya, tunda aka ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maradi a 2021 filaye ke ta canza hannu ta wajenmu, tsohuwar rijiya ko kukar da za a nuna maka bana wataƙila baɗi an ja mata katanga. Ni kullum ina bisa hanyar nan, ranar da ka shirya ka yi mani magana ta akwatin sirri in sauke ka mararrabar Madarunfa, daga nan kabu-kabu zai ƙarasa da kai, ka taho da goro da sukari da ganyen shayi na tsofaffi.